Ayarinmu a Kunnen Jama'a: Abin da Na Gani Wajen Kafa Fodkas na Wasan Labari

Matasa da yawa da suka ji ina da shirin fodkas, wato shirin sauti da ake saurara ta intanet, sukan turo mini saƙo, kuma kusan tambayarsu ɗaya ce: wane makirufo ya kamata su saya. Nakan ba su amsa daidai gwargwado, amma raina ba ya kwanciya, domin a cikin duk abin da muka yi fama da shi makirufo ne mafi sauƙi. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba da labarin tun daga tushe, musamman da yake irin shirin da muke yi baƙo ne a wajen mutanenmu.

Wasan da muke ɗauka muna watsawa wasa ne na labari da ake yi a zaune, a kan teburi ko tabarma. Mutum ɗaya ne ke riƙe da duniyar labarin: shi zai faɗi inda ake, wa aka tarar a bakin ƙofar gari, me ya fito daga daji. Sauran kuwa kowa yana riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin, yana magana da bakinsa, yana yanke shawara a madadinsa. Ba a rubuta ƙarshen labarin ba, kuma babu wanda ke cin wani. Idan ɗan wasa ya ce zai haura katanga ko zai lallashi sarkin kasuwa, dokokin wasan ne za su nuna ko ya dace ko bai dace ba. Wanda ya fi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma a cikinsa dayis ake jefawa, har da wani mai fuska ashirin.

Ni a lokacin kullen korona na 2020 na gamu da shi. Muna Zariya, an rufe makarantu da kasuwanni, makarantar da nake koyar da kwamfuta ita ma a rufe. Sai in sayi datar dare in kwana a YouTube. A nan na ci karo da Critical Role, wasu 'yan Amurka da suka fara watsa wasansu a 2015, Matthew Mercer na jan labarin. Zama ɗaya yakan kai awa uku zuwa huɗu, amma mutane suna biye da su, har a 2019 masoyansu suka tara musu sama da dala miliyan 11 don a mayar da labarin zane mai motsi. Kana kallonsu sai ka ga ai abokai ne kawai suna hira suna dariya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutanen nan sana'arsu ke nan, aron murya suke yi a finafinan zane da wasannin kwamfuta, kuma akwai ma'aikatan da ba a nunawa a bayan kyamara.

A zauren gidanmu muka fara, ba da niyyar watsawa ba. Ni ne mai jan labari. Akwai ƙanwata, da ɗan kawuna da ke zaune a wajenmu, da abokina tela, sai maƙwabcinmu mai aiki a kemis, Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, tare muka taso tun firamare. Kamfanin da ke da Dungeons & Dragons ya saki taƙaitattun dokokin wasan kyauta a intanet tun 2014, su na sauke nake fassara musu. Dayis mai fuska ashirin kuwa ba a samunsa a kasuwar Sabon Gari, sai muka riƙa amfani da na cikin waya. Daɗin da muka ji a waɗannan watanni ba ya misaltuwa. Telan ne ya fara cewa ya kamata wasu su ji abin nan.

Kafin mu kai ga ɗaukar komai, Baba ya kira ni. Ya daɗe yana jin mu daga ɗakinsa, ana cewa "jefa, jefa," ana ambaton matsafa da dodanni. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Abin da kuke yi a zaure, in a gida ya tsaya, ni da ku ne. In kuwa za ku sa shi a kunnen 'ya'yan mutane, sai ka je ka tambaya." Ya tura ni wajen malamin da muke ɗaukar karatu a hannunsa bayan magariba.

Na zauna gaban Malam na yi masa bayani dalla-dalla, har na nuna masa dayis ɗin a waya. Ya tambaye ni ko ana sa kuɗi, na ce Allah ya gafarta Malam, ko sisi. Ya tambaya ko yana shagaltar da mu daga salla, na ce muna tashi da an kira. Ya yi shiru, sannan ya tuna mini hadisan da suka zo kan wasan nardi, wanda ake yi da dayis, akwai a Muslim akwai a Muwaɗɗa, ya ce malamai sun yi magana mai tsawo a kan abin da hanin ya ƙunsa, kuma shi ba zai ce mini wasanmu caca ne ba tunda babu kuɗi, amma in akwai hanyar yinsa ba tare da dayis ba, in bi ta, in huta da shakka, in kuma hutar da iyayen da za su ji 'ya'yansu na saurare. Inda ya fi tsayawa shi ne maganar gumaka. A littattafan wasan akwai alloli na ƙage da 'yan wasa ke roƙo su samu ƙarfi. Ya ce wannan kam ko da wasa kada mu sa wani ya furta shi. Ba fatawa nake ba kowa ba, abin da aka gaya mini nake faɗa, kuma na ɗauke shi da zuciya ɗaya.

Da na koma da labarin, ɗan kawuna ya ce to an kashe wasan ke nan, domin faɗuwar gaban da ake ji kafin dayis ya tsaya ita ce ran abin. Yana da gaskiya a wani ɓangare. Na shiga bincike, na tarar ashe ba mu muka fara neman wannan hanya ba. Tun 1991 Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda babu dayis a cikinsa sam, akwai kuma wani mai suna Dread da ake zare katako daga hasumiyar ƙananan katakai ta wasan Jenga maimakon jifa. Wannan ya ba ni ƙwarin gwiwar mu tsara namu.

Ƙwallon dabino muka ɗauka. A farkon kowane zango na labari kowa zai karɓi ƙwallo bakwai. Kowane mutum a labarin yana da abu uku da ya ƙware a kai. In abin da zai yi yana cikinsu, ya yi nasara ba gardama. In ya fi ƙarfinsa, sai ni in ɓoye wasu ƙwallaye a dunƙulen hannuna gwargwadon wuyar abin, shi ma ya ɓoye nasa gwargwadon abin da ya yarda ya kashe, mu buɗe tare. In nasa sun kai nawa ya tsira, in ba su kai ba ya shiga uku, kuma ko ta yaya abin da ya fitar ya tafi cikin kwano. Ba ya dawowa sai in mutum ya yarda wata masifa ta same shi a labarin, ko ya sadaukar da wani abu don ɗan'uwansa na tafiya. Tsohon kwanon sha na Inna muka aro, mai ɗan tsaguwa a baki. Ƙarar faɗawar ƙwallo a cikinsa, ƙwal, ƙwal, ita ce daga baya masu saurare suka fi sani. Akwai wanda ya ce mini in ya ji ƙwallo huɗu sun faɗa a jere sai ya ajiye abin da yake yi.

Tunda mun bar dokokin Turawa, sai duniyar tasu ma ta daina zama mana daidai. Ƙanen kakanmu, tsoho mai yawan tarihi, shi ya ba mu mafita ba tare da ya sani ba, domin yakan ba mu labarin da ya ji a bakin kakansa kan fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro. Mun gina labarinmu a kan wannan hanya. Ayari ya tashi da kanwa da rinannun tufafi da kayan fata a bayan jakuna, ya yi watanni a hanya, ya ƙetare Kwara a jiragen masu fito, ya biya gaisuwa ga sarakunan da ya ratsa ƙasarsu, ya kwana a zango-zango da tsoron 'yan kwanta-kwanta, har ya isa Salaga, babbar kasuwar Gwanja a ƙasar Ghana ta yau. Akwai madugu, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai uban dawaki. Mai jan labarin ma madugu muke ce masa. Ƙanwata ta ɗauki mace mai sayar da abinci da ke bin ayari, telan ya zama jagaba, ɗan kawuna ɗan koli mai bashi a wuya, maƙwabcinmu kuma maharbi. Aljanu da kuraye masu rikiɗa suna nan kamar yadda suke a tatsuniyoyinmu, amma ba a roƙon kowa sai Allah.

A nan wata magana ta taso wadda har yau nake ganin ita ce mafi nauyi da muka yi a zauren nan. Duk wanda ya karanta tarihin Salaga ya san ba goro kaɗai aka yi ciniki a kasuwarta ba, an sayar da mutane. Ni tunanina shi ne mu tsallake wannan, mu yi labarin goro da jakuna kawai. Maƙwabcinmu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Abokina, ku jikokin masu ayari ne, ni jikan waɗanda aka riƙa kai wa hari ne. A garinmu har yanzu tsofaffi suna nuna duwatsun da kakanninmu suka hau suka ɓuya. In kun tsallake, kun share mu. In kuma kuka mai da shi abin nishaɗi, ba zan iya zama ba." Zauren ya yi tsit. Shekara da shekaru muna tare, ba mu taɓa yin wannan maganar ba. Abin da muka tsayar shi ne bauta za ta kasance a labarin da muninta, babu ɗan wasan da zai mallaki mutum, kuma duk wurin da ya shafi wannan sai mun tattauna kafin a kunna waya, shi ke da kalmar ƙarshe. Mun kuma yarda cewa duk wanda wani abu a labarin ya sosa masa rai, ya kife tafin hannunsa a kan tabarma, a tsaya ba tare da an tambaye shi dalili ba. Kashin shirin da maharbinsa ya tsaya gaban madugu ya ƙi ci gaba da tafiya saboda wani yaro da aka ɗaure, shi ne wanda aka fi turo mana saƙo a kansa, daga Musulmi da Kirista.

Ɗaukar farko waya ɗaya muka ajiye a tsakiyar tabarma. Da na saka iyafis na saurara, ban gane zaman da na yi a ciki ba. Bangon siminti yana mayar da murya, fanka tana huci a kan komai, janaretan maƙwabta na ruri, ga keke-napep a waje, ga akuyar gida. Wanda ke kusa da waya muryarsa na fasa kunne, na nesa kuwa sai ka kasa kunne ka ji shi. Wannan duk ana iya gyarawa da dabara. Mun sayi ƙananan makirufo na maƙalawa a wuyan riga, kowa ya ɗauki muryarsa a wayarsa, mu tafa hannu sau ɗaya a farko don in samu wurin daidaita su a Audacity, manhajar da ake samu kyauta. Wayoyi ba sa tafiya daidai da juna a doguwar ɗauka, bayan awa biyu sai ka ji ɗaya ta ɗan riga, don haka muka riƙa maimaita tafin bayan kowane hutu. Mun jingina katifu a bango, mun rataye barguna a ƙofa da taga. Fanka dole a kashe ta. Wanda ya san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu zai gane abin da ake nufi da mutum biyar a rufaffen zaure mai barguna. Telan yakan zo da tawul a kafaɗa.

Abin da dabara ba ta gyarawa da sauri shi ne wannan: mai saurare ba ya cikin zauren. Ba ya ganin taswirar da na zana a kwali, ba ya ganin yadda ƙanwata ta harari ɗan kawuna, bai san wa ke magana ba in muryoyi biyu sun yi kama. A wasan gida, in na ce "kai, me za ka yi?" ina nuna mutum da yatsa, ya wadatar. A fodkas sai na ambaci sunan wanda yake riƙe da shi a labarin. In mun buɗe hannu, sai wani ya faɗi ƙwallo nawa ke ciki. Katsalandan da yake shi ne gishirin hira a tsakanin abokai, a kunne hayaniya ne. Mun daɗe kafin mu koyi barin mutum ya kai aya. Mutanenmu kuwa kunnensu a goge yake. Al'ummar da ta taso da Rediyon Kaduna tun 1962, da BBC Hausa tun 1957, da wasannin kwaikwayo na rediyo da karatun littattafai a tashoshi, ba za ka ba ta sauti mai hargitsi ta yi maka uzuri ba. Minti biyu za ta ba ka.

Tacewa ita ce aikin da ba wanda ya gani. Zaman awa uku nakan mayar da shi minti arba'in, kuma hakan yakan cinye mini dararen mako guda, in an bar wuta. In an ɗauke, sai abin da batirin kwamfuta ya iya. Bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kunna janareta don tace wasa ya zama abin da ba zan iya kare shi a gaban iyalina ba, sai na koma zuwa makaranta da sassafe in yi amfani da solarsu da izinin shugabanmu. Gardamar dokoki nakan yanke, da tari, da "me ka ce?" Da farko har dariya nake cirewa don shirin ya fito tsaf. Ƙanwata ta saurara ta ce, "Yaya, ka mai da mu kamar masu karanta labaran ƙarfe bakwai." Daga nan na gane akwai abin da ake bari: dariyar da ta zo da kanta, da shirun da mutum ke yi yana juya ƙwallo a hannu kafin ya yanke shawara. Shirun nan shi ke riƙe mai saurare.

Sai kuma abin da makirufo ya yi wa mutanena. Telan, wanda a da shi ne mai sa mu riƙe ciki, da an kunna ɗauka sai ya daskare, ya koma magana da Hausar littafi. Ɗan kawuna kuma akasin haka, ya fara wasa don masu saurare, yana neman kowane wuri ya zama nasa, yana katse wasu don ya jefa abin dariya. Wata rana ɗan kolinsa ya ƙarar da ƙwallayensa a bakin kogi, ya faɗa ruwa, bisa doka ya kamata ya halaka. Ya ce a kashe waya a sake, domin jama'a suna son mutumin nan. Na ce in muka fara sakewa mun zama masu wasan kwaikwayo, kuma masu saurare sun yarda da mu ne saboda sun san ba mu san abin da zai faru ba. Muryoyi suka tashi. Ya fita, muka yi makonni a gida ɗaya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Inna ce ta zaunar da mu ta ce ba za ta ga dabino ya raba mata 'ya'ya ba. A ƙarshe ƙanwata ta kawo mafita a cikin dokar kanta: mai abincin tata ta zubar da duk ƙwallayenta da jarinta ta biya masunta suka tsamo shi, ya fito da rai amma babu kaya, bashi ya ninku. Labarin ya fi kyau a haka. Amma tun daga ranar muka ware zama ɗaya a wata wanda ba a ɗauka, a yi wasa don kanmu kawai, kowa ya yi shirmensa. Ina ganin ba don wannan zaman ba da tuni mun watse.

Haɗa mutum biyar masu neman abinci a lokaci ɗaya shi ma yaƙi ne. Daga tsakiyar azumi zuwa Salla tela ba naka ba ne, haka kafin babbar Salla. Mai kemis yana da kwanan aiki, Lahadi kuma yana coci. Da damina in ruwa ya sauko a kan kwanon rufi, ɗauka ta ƙare. Mun koyi tara kashi da yawa a ajiye kafin mu saki na farko, domin mai saurare zai yafe maka sauti mai ɗan rauni amma in ya zo ranar da ka saba bai tarar da kai ba sau biyu, ya tafi. Da aka yi wa ƙanwata aure ta koma Kano, na ɗauka shi ke nan. Maigidanta, Allah ya saka masa, shi ya saya mata makirufo. Muna kiranta a waya don mu ji juna, ita kuma tana ɗaukar muryarta a wata wayar ta turo mini. Jinkirin layi yakan sa ta amsa tambaya bayan an wuce wurin, sai mu dakata mu jira ta. Da ta haihu muka sa mai abincin ta tsaya jinya a wani zango har ta yi arba'in.

Wajen watsawa na sha mamaki. Na ɗora shirin a Anchor, dandalin ɗora fodkas da Spotify ya saya a 2019, wanda a lokacin kyauta ne kuma yana rarraba shi zuwa manhajojin fodkas. Spotify ɗin ma ya shigo Najeriya a 2021. Amma mutanen da muke yi dominsu ba can suke ba. Suna WhatsApp, suna Facebook, suna YouTube, wasu Telegram. Kuma kowa yana lissafin data. Sautin awa ɗaya a kan ma'aunin inganci na 128 kbps yakan kai kusan megabait 58, in ka sauke shi zuwa 64 ya koma kusan 29, kuma ga muryar magana bambancin ba ya damun kunne. Muka koma yin ƙaramin, muna rubuta nauyinsa a jikin sanarwa don mutum ya san abin da zai kashe. Da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashin kira da data a Janairun 2025, wannan ya ƙara zama dole. Mutum ɗaya zai sauke, ya tura wa goma ta Xender, masu tura waƙoƙi a tasha su zuba a memori. Lambar da nake gani a allon kwamfuta ƙarama ce, takan karya mini gwiwa. Sai ranar da na shiga motar Funtuwa na ji ƙarar kwanon Inna na fitowa daga rediyon direba, fasinjoji biyu suna musu kan ko jagaban nan maci amana ne. Ban ce musu komai ba har na sauka.

Wannan rashin lamba shi ke hana kuɗi shigowa. Mai talla zai tambaye ka mutum nawa ke saurare, ba ka da abin nunawa. Hanyoyin da 'yan ƙasashen waje ke karɓar gudummawar wata-wata ba su dace da masu sauraronmu ba, waɗanda mafi yawansu ba su da katin biyan kuɗi da dala. Abin da muke samu shi ne katin waya da wani zai turo, da ɗan abin da wani mai shagon kayan shayi ke bayarwa mu ambace shi. Duk da ƙanƙantarsa mun rubuta yarjejeniya a takarda, Baba ya sa hannu a matsayin shaida: shirin na mu biyar ne, abin da ya shigo a fara cire kuɗin data da kayan aiki, kuma wanda ya bar shirin yana da ikon cewa kada a ci gaba da amfani da mutuminsa. Kiɗan buɗewa ma ba mu ɗauki na kowa ba, wani mai gurmi muka biya ya kaɗa mana na minti ɗaya, muka gaya masa inda za a sa shi. A Janairun 2023, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan shirin kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons, na sauya lasisin da masu ƙirƙira ke dogara da shi, har daga baya ya janye ya saki ainihin dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai ba kowa damar amfani da su, masu shirye-shirye da dama a waje hankalinsu ya tashi. Mu abin bai taɓa mu ba, tunda dokokinmu da duniyarmu namu ne.

Saƙonnin murya su ne albashina. Wani dattijo mai sayar da goro ya turo mana gyara mai tsawo, ya ce ba a barin huhun goro haka nan har a kai gida, ana kwancewa a hanya a tsince wanda ya fara lalacewa, a sauya ganye, a yayyafa ruwa, in ba haka ba ƙwaro ɗaya ya ɓata kaya duka. Muka mayar da wannan ya zama kashi guda cur, ayari ya tsaya tsintar goro ɓarayi na kewaye da su. Wata baiwar Allah daga zangon Kumasi ta ce kakanninta ta wannan hanya suka zo, ta ba mu labarin rijiyoyin Salaga masu yawa, da yadda ake faɗin wasu sunayen garuruwa da muke karyawa. Wani makaho a Gusau ya ce ya tara yaran unguwarsu da ƙwallon dabino suna yin nasu ayarin, yana tambaya ko ya halatta ya canza dokar bakwai zuwa goma saboda yara ba su iya tattali ba. Na ce masa ya canza, wasan nasa ne.

Yanzu ayarinmu ya kama hanyar dawowa gida da goro. A zango mai zuwa ɗan kawuna ne zai zama madugu, ya daɗe yana shirya garuruwansa a wani littafin rubutu da ba ya bari kowa ya buɗe. Ni zan riƙe wani yaro mai kora jakuna. Telan ya karɓi rabin aikin tacewa bayan na koya masa, ya ce yankan sauti bai fi yankan shadda wuya ba. Muna jiran ruwa ya ɗauke mu fara ɗauka, kuma muna neman mace ta biyu da za ta shiga, domin ƙanwata ta ce ta gaji da zama ita kaɗai a cikin ayarin maza.